Direbobin katin ƙarin mashigar siriyal

Katin ƙarin mashigar siriyal ƙaramin allo ne da ake sokawa a ramin PCI ko PCIe na kwamfuta domin samun mashigai irin na RS-232, wato tsohon tsarin aika bayanai ta waya, bit ɗaya bayan ɗaya. Yawancin sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da wannan mashiga, alhali injinan masana'antu, sikelin awo da na'urorin ɗakin gwaji har gobe da ita suke aiki. Katin ba ya motsi sai babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, ta samu direban da ya san shi, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin.

Direba ba ruwansa da sunan da ke jikin kwali. Abin da yake nema shi ne ƙwayar UART da ke kan katin, wato ɓangaren lantarkin da ke aikawa da karɓar bayanan. Kakarsu ita ce 8250 ta kamfanin National Semiconductor, wadda IBM ya yi amfani da ita a kwamfutarsa ta 1981. Daga baya 16550A ta zo da ma'aji mai ɗaukar bayit 16, sai 16C950 ta Oxford Semiconductor mai 128. Da yake galibinsu sun bi sawun 16550, direba ɗaya kan wadatar da katuna masu yawa.

A zamanin ISA, tsohon ramin da ya gabaci PCI, adireshi a kafe yake: mashiga ta farko, COM1, a 0x3F8 da IRQ 4 (layin da kati ke jan hankalin kwamfuta da shi), ta biyu, COM2, a 0x2F8 da IRQ 3. Katin PCI kuwa da kansa yake bayyana lambar kamfani da lambar na'ura. A Linux, direban 8250_pci yana duba lambobin a jadawalinsa, mashigan su fito da sunaye kamar /dev/ttyS4. Idan wasu ba su fito ba, akan ɗaga adadin 8250.nr_uarts, wato saitin yawan mashigan da Linux zai tanada. Windows na dogara da fayil ɗin INF na mai ƙera katin, wanda ke bayyana yadda za a girka direban, kuma tun daga Vista, nau'in 64-bit yana buƙatar direba mai sa hannun dijital, abin da ya ajiye tsofaffin katuna da dama masu ƙoshin lafiya. Babbar manhajar FreeBSD kuwa na amfani da direbobin puc da uart.

Matsalar da ta fi wahalar ganewa ita ce ta agogo. Tsohon agogon UART yana bugawa a 1.8432 MHz, wanda ke ba da iyakar gudu bit 115200 a daƙiƙa. Wasu katunan nasu 14.7456 MHz ne, ninki takwas kenan. In direba ya ɗauka tsohon agogo ne, mai aiki zai zaɓi 9600, katin ya aika a 76800. Mashiga ta buɗe, waya lafiya lau, amma haruffan banza ne ke cika fuskar kwamfuta. A Linux ana gyara wannan da umarnin setserial, ta hanyar sanya baud_base, wato iyakar gudun katin, a 921600.