Silif ɗin Inji: Ƙarfafa Bulok Domin Turbo da Naitiros

Silif, wanda wasu makanikai ke kira laina, bututun ƙarfe ne da ake cusawa cikin ramin silinda na bulok, wato gangar jikin inji, ya zama shi ne bangon da fistin ke gogawa yana hawa da sauka. Dalili biyu ke sa a sa shi. Na farko gyara: silinda ta cinye ko ta tsage, ƙara faɗin ramin da makanikai ke kira borin kuma ya kai maƙura. Na biyu ƙarfafawa: inji lafiyarsa ƙalau, amma mai shi na son ɗora masa turbo ko iskar naitiros, bangon da kamfani ya yi kuwa ba zai jure ba. Makanikan Sakkwato sun daɗe da sanin na farkon, tun zamanin Fijo 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975, wadda ake zare wa silif a sa sabo tare da fistin da ringi. Na biyun aiki ne daban, ko da yake kayan aikin kusan ɗaya ne.

Abin da ke fasa silinda

Turbo, wanda injiniya Alfred Büchi ɗan Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, yana amfani da hayaƙin salansa ya juya fanka, ita kuma ta dinga danna iska cikin silinda. Naitiros, iskar da ake fesa wa inji daga kwalba, ta wata hanya take bi: kashi 36 cikin ɗari na nauyinta iskar oksijin ce, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 ne kawai. Jamusawa sun yi amfani da ita a jiragen yaƙinsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duka biyun abu ɗaya suke haifarwa: ƙarin iska, ƙarin fetur, fashewa mai ƙarfi a kan fistin. Sai dai turbo a hankali yake tasowa, naitiros kuwa ana danna maɓalli take saukowa gaba ɗaya.

Yawancin ƙananan motocin yau bulok ɗinsu na alminiyam ne, da siririn bangon ƙarfe a ciki. A wasu, irin injinan Honda na jerin B da K, saman bulok a buɗe yake: silinda na tsaye kamar kofuna cikin kwanon ruwa, babu abin da ya tallafi bakinsu. Idan matsi ya wuce kima bakin ya fara rawa, gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin bulok da kan silinda, ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, daga nan sai tsagewa. Ba kowane inji ke da wannan rauni ba. Toyota 2JZ-GTE na motar Supra bulok ɗinsa na ƙarfen zubi ne mai rufaffen sama, yana ɗaukar ƙarfi mai yawa ba a taɓa shi ba. Sa wa irinsa silif tun bai nuna gajiya ba asarar kuɗi ce.

Iri da ƙarfe

Akwai busasshen silif, wanda ke zama cikin naman bulok bai taɓa ruwa ba, da jiƙaƙƙe, wanda ruwan lagireto ke zagaye bayansa kai tsaye, irin na Fijo. Masu gina injin tsere kan rarake tsoffin silinda gaba ɗaya su sa jiƙaƙƙu masu kauri, kafaɗunsu na haɗuwa a sama su rufe bulok ɗin. Kamfanin Darton na Amurka ya yi suna da wannan samfuri.

Ƙarfen da aka fi so shi ne ƙarfen zubi mai danƙo, wanda Keith Millis ya gano a 1943. Ana zuba ɗan magniziyam a narkakken ƙarfe, sai gawayin da ke cikinsa ya dunƙule maimakon ya zama ɓarɓashi mai kaifi. Ƙarfen zubi na yau da kullum karyewa yake kamar tukunyar ƙasa. Wannan kuwa sai ya ɗan ba da kai kafin ya tsage.

Yadda ake sa shi

A nan ne ake gane gwani. Ana yanka ramin ya ɗan fi silif ƙanƙanta, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kamar kaurin gashin kai. A ƙasan ramin a bar 'yar matakala da silif zai zauna a kai, ko a yi masa leɓe a sama. Sannan a ɗumama bulok ya buɗe, a sanyaya silif ya tsuke. Mai aiki na da 'yan daƙiƙu ne kawai: ya ɗauko silif da safar hannu, raɓa na tashi a jikinsa, ya sake shi cikin rami, ya ji ya sauka ƙasa da ƙara ɗaya. Idan ya tsaya a rabin hanya zafinsu ya daidaita, ya kama ke nan, sai an yanke shi an sake sabo. Wanda ya ɗauko guduma da katako don ya ƙarasa, ya riga ya ɓata aikin.

Alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, shi ya sa silif da bai zauna sosai ba yakan nutse bayan inji ya yi zafi ya huce sau da yawa. Nutsewa kaɗan ta isa gaskit ya saki. Don haka ake danne silif da matsi har bulok ya huce, sannan a share saman ya zama bai ɗaya. Kafin gogewar ƙarshe ana ɗaura wani farantin ƙarfe mai kauri a madadin kan silinda, a ɗaure shi da ƙarfin da za a ɗaure na gaske, domin ɗaurin kansa na ɗan murɗe rami. Gogewar na barin zane mai gicciye da ke riƙe mai. A injin turbo da naitiros ana ƙara faɗin bakin ringi, wato 'yar tazarar da ke tsakanin bakunansa biyu, saboda zafi na iya haɗe bakunan biyu su fasa kan fistin.

A yanayin Sakkwato

Silif ba ya maganin ƙwanƙwasar inji, wato fetur ya fashe kafin lokacinsa. Zafin watan Afrilu a Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma iska mai zafi da turbo ya ƙara matsewa tana cikin abubuwan da ke jawo wannan matsala, balle a haɗa da man 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Bango mai ƙarfi zai tsira, amma fistin ko sandarsa ne za su biya. Ƙurar hunturu ma na cin sabon silif kamar yadda take cin tsoho idan matatar iska ta yage. Shi ya sa ake haɗa aikin da babban lagireto, na'urar sanyaya iskar turbo, fistin na ƙira mai jure matsi da saita kwamfutar inji, kuma ana barin sabon inji ya yi tafiya a hankali, a canza masa mai, kafin a buɗe masa wuta a hanyar Gusau.