Dokar Jihar Filorida Kan Koya wa 'Ya'yan Riƙo Tuƙin Mota

A Amurka, idan kotu ta tabbatar cewa ana cutar da yaro a gidansu ko an yi watsi da shi, takan raba shi da iyayensa, ta damƙa shi ga dangi ko wani iyali da hukuma ta tantance, ko kuma gidan kula da yara. Irin waɗannan 'ya'yan riƙo ne Majalisar Dokokin Jihar Filorida ta yi wa doka a shekarar 2014, wadda aka fi sani da Keys to Independence (wato makullan dogaro da kai), domin su samu lasin tuƙi kamar sauran tsararrakinsu. An fara da gwaji na shekara uku, sannan a 2017 aka mayar da shirin na dindindin.

Sai an san ƙa'idar tuƙi ta jihar kafin a gane amfanin dokar. Yaro mai shekara 15 yana iya karɓar lasin koyo, ya riƙe shi na wata 12, ya yi tuƙi na awa 50, goma daga ciki da dare, tare da wani mai lasin da ya kai shekara 21 zaune a kujerar gaba, sannan ya cancanci cikakken lasin tuƙi. Kafin duk wannan dole wani babba ya sa hannu a takardar neman lasin, kuma a dokar jihar wanda ya sa hannun ya ɗauki alhakin ɓarnar da yaron zai yi da mota saboda ganganci. Uba yakan sa wa ɗansa hannu ba tare da dogon tunani ba. Uban riƙo kuwa, wanda bai san ko nan da wata uku za a ɗauke yaron a kai shi wani gida ba, ba abin mamaki ba ne ya ja da baya don tsoron diyyar da ka iya cinye masa dukiya. A ganina, nan gizo yake saƙar, domin yaran ba su rasa basira ba, mai tsaya musu suka rasa.

Dokokin jihar sun cire wannan ƙaya: uban riƙo ko jami'in da ke kula da lamarin yaron yana iya sa hannu ba tare da alhakin haɗari ya hau kansa saboda sa hannun ba, kuma an hana kamfanin inshora ƙara wa mai riƙo kuɗi muddin lasin koyo ne a hannun yaron. Dokar 2014 ta ƙara da cewa hukumar kula da yara da iyalai ta jihar za ta biya kuɗin makarantar koyon tuƙi, da na lasin, da na inshora, kuma makarantun gwamnati da ke koyar da tuƙi za su ba wa ɗan riƙo fifiko wajen ɗauka.

Batun inshora ya fi kowanne sarƙaƙiya, domin wanda bai kai shekara 18 ba doka ba ta yarda ya ƙulla yarjejeniya da kansa ba. Saboda haka aka ba alƙali ikon bayar da umarni cewa ɗan riƙon da ya cika shekara 16, ya kuma kammala darasin tuƙi, ya yanki inshorar mota da sunansa. Gyaran 2017 ya bar yaro ya ci gaba da amfana har wata shida bayan ya samu matsuguni na dindindin, don kada tallafin ya yanke masa ana tsakiyar koyo, kuma a 2022 aka shigar da matasan da ba su da muhalli kuma ba sa ƙarƙashin kulawar iyaye.

Dokar tana da iyaka. Ana biyan kuɗin ne bi da bi har abin da majalisa ta ware ya ƙare, kuma ba ta tilasta wa mai riƙo ya ba da motarsa ba. Awa hamsin ɗin nan sai an samu mutum mai haƙuri da zai zauna kusa da yaro yana nuna masa lokacin taka birki da yadda ake shiga babbar hanya, kuma wanda ke gidan kula da yara, inda ma'aikata ke canjin aiki safe da yamma, shi ya fi shan wahalar samun irin wannan mutumin. A Filorida akwai wurare da dama da motocin haya na gwamnati ba sa kaiwa, saboda haka matashin da ya bar riƙo a shekara 18 ko 21 ba tare da lasin ba yakan rasa aikin da ya samu don kawai babu abin da zai kai shi wurin a kan lokaci.