Waiwaye: yadda tsarin Ajayil ya shiga manyan ma'aikatu

A watan Fabrairun 2001 ne wasu masu rubuta manhaja su 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwar da ta zama tushen tsarin Ajayil. Tsohuwar hanya ce ta ishe su: a shekara ana rubuta takardun buƙatu, a sake shekara ana gini, daga ƙarshe mai aikin ya ce ba haka yake so ba. Shawararsu ita ce a yi aiki kaɗan, a nuna wa mai shi, a gyara, sannan a ci gaba.

Sai dai dabarun Ajayil irin su Sikram, wato raba aiki zuwa gajerun zango, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, don ƙaramin rukuni aka tsara su. To, ina ga ma'aikatar da ke da dubban mutane?

Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta gwada ta ga amfani. A 2005 ta yi watsi da wata manhajar adana bayanan bincike bayan kashe kusan dala miliyan 170. A 2006 ta bai wa kamfanin Lockheed Martin kwangilar sabuwa, mai suna Sentinel, aikin ya yi ta jan ƙafa. Da ta karɓe shi a 2010, ta danƙa wa ƙaramin rukuni mai gabatar da abin da ya gama duk mako biyu, aka kammala a 2012. A Birtaniya kuwa, rahoton masu binciken kuɗin gwamnati na 2013 ya nuna shirin tallafi na Universal Credit ya rungumi Ajayil alhali ma'aikatar da ke kula da shirin ba ta saba da shi ba, aka yi asara.

A tsakanin nan aka samu tsarin SAFe na faɗaɗa Ajayil zuwa manyan ma'aikatu a 2011, aka kuma yi ta kwaikwayon fasalin kamfanin manhajar sauraron waƙoƙi na Spotify, mai raba ma'aikata zuwa ƙananan rukunoni, har bankin ING na Holan ya bi sahu a 2015.

A ganina, babban kuskuren shugabanni shi ne yi wa ayyuka kuɗin goro. Manhajar waya tana iya sauyawa kowane mako. Wadda ke sarrafa jirgin sama kuwa dole hukuma ta tantance ta kafin fasinja ya hau, don rai ake magana. Masu gyaran tsofaffin manhajoji su ma daban ne, domin matsala ba ta jiran ƙarshen mako biyu. Irin wannan aikin ne ya sa David Anderson ya aro dabarar Kanban daga masana'antar Toyota, bayan gwajin da ya fara da wani rukunin gyara na Microsoft a 2004, inda ake ƙayyade yawan aikin da ke hannu a lokaci guda.