Makullin difaranshal na baya a motocin ɗaukar kaya

Difaranshal na'ura ce da ke tsakiyar aksil ɗin baya, wadda ke raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu, tana barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Rauninsa shi ne idan taya ɗaya ta faɗa taɓo ko yashi sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan tsandauri kuma ta tsaya cik. Makulli yana haɗa tayoyin su juya tare har motar ta fita.

Akwai makullin da direba ke sawa da kansa, da lantarki kamar na wasu Toyota Hilux da Land Cruiser da suka saba da yashin Agadas, ko da iska kamar na tireloli da tifofi. Akwai kuma mai kulle kansa. Fitaccensu shi ne G80 na kamfanin Eaton, da ake sawa a motocin a-kori-kura na Chevrolet da GMC a Amurka tun 1973.

A cikin G80 akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa. Idan taya ɗaya ta wuce 'yar'uwarta da kusan juyi 100 a minti, ƙarfen yana buɗewa ya kama, ya matse farantan kuloci, aksil ya kulle. Lokacin ne direba ke jin ƙwas daga baya, motar ta ɗan zabura. Wannan ƙara ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan. Haka kuma ba ya kullewa idan gudu ya haura kimanin kilomita 32 a awa. Da gangan aka ƙera shi haka, don kada bayan mota ya zame a kan titi mai santsi. Motoci da yawa an kwance musu aksil lafiyayye saboda rashin sanin waɗannan abubuwa biyu, abin takaici ne kuwa, domin maida shi daidai ya fi kwance shi wuya.

Abin da ke kashe G80 shi ne taka totur da ƙarfi a cikin taɓo. Taya na tsananin juyawa, makulli ya kama farat ɗaya, bugun ya karya ƙarfen ko haƙoran giya. A hankali ake taka shi.

Bincike yana farawa da sanin irin makullin da ke cikin motar. A motocin Chevrolet da GMC da yawa ana ganin lambar G80 a takardar da ke manne cikin akwatin gaban fasinja. Sai a tokare tayoyin gaba, a ɗaga bayan mota da jak, a juya taya ɗaya da hannu. Idan makulli a buɗe yake, ɗayar za ta juya ta baya. Idan a kulle yake, su tafi tare. Tayoyin da ke kurzar kwalta suna tsalle a kwana alama ce cewa makullin ya ƙi saki. Ga G80, ja da baya kaɗan yakan sake shi.

A makullin lantarki na Toyota, fitilar da ke ƙyaftawa tana nufin haƙoran ba su shiga ba tukuna; matsa motar kaɗan kan sa su zauna. Idan ta ci gaba da ƙyaftawa, a duba fis da wayoyi da ɗan injin lantarkin da ke tura makullin, wanda ruwa da laka ke yawan ci. Kamfanin ya ce kada a wuce kilomita 8 a awa yana kulle. A manyan motoci kuwa, yoyon iska ne ake fara zargi.

Ba kowace ƙara ce ta makulli ba. Kukan da ke sauyawa idan an taka totur ko an saki na manyan giyoyin aksil ne, gurnanin da ke ƙaruwa da gudu kuma na boris ne. Man giya ma yana ba da labari: ƙurar ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun da ke kan murfin juye man ba komai ba ce, amma gutsattsarin da yatsa ke ji yana nufin wani abu ya karye a ciki. Tayoyin baya kuma su zama girmansu ɗaya da iska daidai, domin bambancinsu yana wahalar da difaranshal ko a miƙaƙƙiyar hanya.