Gano sinadarin da ba a sani ba a ɗakin gwaje-gwaje

Gano sinadarin da ba a sani ba reshe ne na ilimin kimiyyar sinadarai, kuma tambayar da yake amsawa ita ce "mene ne wannan?". Batun yawansa fanni ne dabam. Gwaji ɗaya ba ya bayyana sunan sinadari. Kowane gwaji yana rage yawan abubuwan da ake zato ne, har a kai ga guda. Tsarin bi-da-bi da ake koyarwa har yau ya samo asali ne daga aikin Bajamushe Carl Remigius Fresenius, wanda ya wallafa jagoransa a 1841.

Ana farawa da ido: launi, siffar ƙwayoyi, gari ne ko ruwa. Ba a ɗanɗanawa ko kusa, wari kuwa da tafin hannu ake fifito shi zuwa hanci. Sai a zuba ɗan kaɗan a tataccen ruwa a ga ko zai narke, a tsoma takardar litmus don sanin asid ne ko alkali. A rage wani kaso a ajiye, domin wanda ya ƙarar da samfurinsa tun farko ba shi da abin tabbatarwa.

Idan samfurin gishiri ne, wato sinadarin da ɓangarensa ɗaya ƙarfe ne, gwajin harshen wuta yana nuna ƙarfen da ke cikinsa. Ana tsoma wayar filatinam ko nikurom a asid haidurokulorik mai ƙarfi, a ƙona ta har ta daina sauya launin wutar, sannan a dangwalo samfurin. Sodiyam yana ba da ruwan ɗorawa, fotasiyam shunayya mai haske, kalsiyam ja irin na bulo, bariyam kore, jan ƙarfe kuma kore mai ratsin shuɗi. Sodiyam ne mai ɓata lissafi: ɗan gumin yatsa a kan wayar ya isa ya danne launin fotasiyam, shi ya sa ake leƙa wutar ta cikin shuɗin gilashin kobal, wanda ke tare rawayar. Da na'urar rarraba hasken irin wannan wuta Bunsen da Kirchhoff suka gano sisiyam a 1860.

Ana ƙara tabbatarwa da ruwan sodiyam haidurokzaid, ɗigo-ɗigo. Jan ƙarfe yana fitar da shuɗin gari ya kwanta, baƙin ƙarfe mai caji biyu kore, mai caji uku ruwan ƙasa. Alminiyam da tutiya da dalma duk fari suke bayarwa, kuma garin yana sake narkewa in an ƙara ruwan da yawa, don haka mai garajen zubawa ba zai ma gan shi ba.

A ɗaya ɓangaren gishirin, wanda ba ƙarfe ba, jerin gwaji ne ke da muhimmanci: kabonet, sannan salfet, sannan dangin kuloraid. Kabonet yana tafarfasa da an zuba masa asid mara ƙarfi, iskar da ta fito kuma tana mai da ruwan farar ƙasa kamar madara. Salfet yana ba da farin gari da bariyam kuloraid, amma sai an fara zuba asid, in ba haka ba kabonet ma zai yi fari ya yaudari mai gwaji. Ga kuloraid da buromaid da ayodaid, ana sa asid naitirik sannan naitiret ɗin azurfa: fari, fari mai ɗan rawaya, da rawaya. Launukan sun yi kusa, amoniya ce ke raba gardama. Na farko yana narkewa a mara ƙarfi, na biyu sai a mai ƙarfi, na uku ba ya narkewa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sa asid haidurokulorik, alhali shi kansa yana ɗauke da kuloraid. Ruwan famfo ma haka yake yi.

Sinadarai masu tushen kabon hanyarsu dabam ce, kuma zafin narkewa shi ne babbar shaida. Ana dandanna busasshen gari milimita 2 zuwa 3 a siririn bututun gilashi, a riƙa ƙara zafi digiri 1 zuwa 2 a minti idan an kusa. Tsarkakakken sinadari yana narkewa cikin tazarar digiri ɗaya ko biyu. Gurɓatacce kuwa yana farawa da wuri kuma ya ja lokaci. Asid benzoyik yana narkewa wajen digiri 122 na Salsiyos. Sai dai lamba ɗaya ba hujja ba ce, domin yuriya da asid sinamik duk wajen 133 suke narkewa. Dabarar ita ce a cakuɗa samfurin da ainihin sinadarin da ake zato: in abu ɗaya ne zafin ba zai motsa ba, in sun bambanta zai faɗi ƙasa sosai.

Ruwan buromin yana rasa launinsa idan akwai haɗi biyu tsakanin kabon da kabon. Ruwan Tollens, wani haɗin azurfa da amoniya, yana shafe bututu da azurfa kamar madubi idan samfurin aldihaid ne, wato wani rukuni na sinadarai masu tushen kabon; ana haɗa shi a lokacin amfani, ba a ajiye shi, domin in ya daɗe yana iya zama abin fashewa.

Manyan ɗakunan gwaji a yau na'urori suke dogara da su: ɗaya tana auna nauyin ƙwayar sinadarin, ta hasken infared tana nuna rukunan da ke jikinta, ta NMR kuma, mai aiki da maganaɗisu, tana fayyace yadda kabon da haidurojin suka jeru. Dukkansu suna buƙatar samfuri mai tsabta, don haka idan cakuɗe ne sai an fara raba shi ta hanyar kuromatogirafi, wato dabarar ware sinadaran da suka cakuɗe.