Tasirin Kotizon a Kan Limfosait na Taimos da Saifar Ɓera

Kotizon da danginsa, irin su haidirokotizon da deksametason, sinadarai ne masu rage kaifin garkuwar jiki, kuma tasirinsu ya fi fitowa fili a taimos, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji inda ƙwayoyin limfosait (wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki) nau'in T suke nuna, wato suke gama girma, kafin su shiga jini.

Tarihin bincike

A 1936 Hans Selye ya lura cewa taimos na manyan ɓeraye yana motsewa idan an gallaza musu. Wajen tsakiyar shekarun 1940, Thomas Dougherty da Abraham White suka nuna a Amurka cewa sinadaran da ke fitowa daga saman ƙoda, wato dangin kotizon, su ne suke narkar da limfosait. A lokacin ba a san amfanin taimos ba, sai a 1961 da Jacques Miller ya cire shi daga jariran ɓeraye, garkuwarsu ta rushe. Daga bisani, kusan 1969, Blomgren da Andersson suka gano a Suwidin cewa 'yan ƙwayoyin da suke tsira a taimos bayan allurar kotizon, wajen kashi 5 cikin 100, su ne waɗanda suka riga suka nuna. Wannan aiki ya cancanci yabo, domin ya ba masana hanya mai sauƙi ta tace ƙwayoyin.

A cikin taimos

Kwana biyu bayan allura mai ƙarfi, ɓawon taimos kan zama kamar an share shi, alhali tsakiyarsa na nan da ƙwayoyinta. Waɗanda suke mutuwa su ne ɗanyun ƙwayoyi masu ɗauke da alamomin CD4 da CD8 a tare, kuma su ne mafi rinjaye, sama da kashi 80 cikin 100. Sinadarin yakan shige ƙwayar, ya kama makarɓinsa, wato furotin da ke karɓarsa a cikinta, ya tayar da umarnin da zai sa ta kashe kanta. Andrew Wyllie ya nuna a 1980 cewa DNA ɗinta kan daddatse a tsare. Cikin 'yan makonni taimos kan sake cika daga ƙwayoyin da ɓargo ke aikowa.

A cikin saifa

Saifa ma tana raguwa, amma ba sosai ba, saboda yawancin limfosait ɗinta sun nuna. Wasu suna mutuwa, wasu kuma suna ƙaura zuwa ɓargo.

Saɓani

Ɓera ya fi ɗan Adam saurin rasa limfosait a gaban kotizon, don haka ba a ɗora sakamakonsa kan mutum kai tsaye. Masana ba su daidaita ba a kan rawar da ɗan sinadari irin kotizon da taimos yake haɗawa da kansa ke takawa wajen zaɓen ƙwayoyin T.