Waiwaye: Surya Bonaly da Alkafurar da Aka Haramta a Kan Ƙanƙara

A watan Yuni na shekarar 2024, a babban taronta da aka yi a birnin Las Vegas na Amurka, ƙungiyar da ke kula da wasannin zamiya a kan ƙanƙara ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ISU, ta soke wata doka da ta kusa cika shekara hamsin a kundinta, wato dokar da ta hana ɗan wasa yin alkafura ta baya a lokacin gasa. Da labarin ya fita, sunan da ya fi yawo a bakin masu bibiyar wasan shi ne na Surya Bonaly, wata Bafaranshiya baƙar fata da ta bar shiga irin waɗannan gasa tun 1998. Ba za a fahimci dalilin haka ba sai an koma baya an duba yadda dokar ta samo asali, da kuma yadda rayuwar wannan mata ta sarƙe da ita.

Ana yin wasan ne a kan fili na daskararren ruwa mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Ɗan wasa yana sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, wanda kaurinsa bai wuce milimita biyar ba, kuma a kan wannan siririn ƙarfe yake gudu gaba da baya, ya yi tsalle ya juya sau biyu ko uku a iska, ya dira da ƙafa ɗaya, duk yana bin kiɗa. A zamanin Bonaly alƙalai tara ne ke zaune a gefen fili, kowannensu yana ba da maki iri biyu da ba su wuce 6.0 ba, ɗaya na wahalar abin da aka yi, ɗaya na kyan gabatarwa. Na farko ana iya ƙirga shi da ido, amma na biyu yana rataye ne da abin da alƙali ya ɗauka a matsayin kyau, kuma daga nan ne yawancin rigingimun wasan suke tasowa.

Alkafura ta shiga gasa ne ta hannun wani Ba'amurke, Terry Kubicka, wanda ya yi ta a gasar Olamfik ta lokacin hunturu a Innsbruck da ke Austriya a 1976. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta haramta ta. Dalilai biyu aka fi ambata. Na farko haɗari ne, domin wanda ya kuskure da kai zai faɗi a kan ƙanƙara mai taurin dutse. Na biyu kuwa al'adar wasan ce, wadda ta tanadi a dira daga kowane tsalle da ƙafa ɗaya, alhali mai alkafura da ƙafa biyu yake sauka. Daga nan alkafura ta koma abin wasannin nishaɗi, inda babu alƙali babu maki.

Lokacin da aka kafa wannan doka Bonaly ba ta wuce shekara uku ba. An haife ta a birnin Nice a ranar 15 ga Disamba 1973, kuma tun tana jaririya wasu ma'aurata, Suzanne da Georges Bonaly, suka ɗauke ta riƙo daga gidan marayu. Suzanne malamar motsa jiki ce, don haka yarinyar ta tashi tana wasanni iri-iri, ta kuma yi nisa a wasan tsalle-tsalle da alkafura a kan tabarma kafin ta tattara hankalinta a kan ƙanƙara. Mai horarwa Didier Gailhaguet ne ya gano ta, ya jawo iyalin zuwa Paris. Shi ne kuma aka ce ya ƙirƙiro labarin da jaridu suka yi ta yaɗawa, wai an haife ta ne a tsibirin Réunion aka tsince ta a bakin teku. Labarin ba gaskiya ba ne, kuma a ganina shi ne zalunci na farko da aka yi mata, domin tun kafin jama'a su ga wasanta an riga an gabatar musu da ita a matsayin baƙuwa daga wata duniya, abin kallo, alhali 'yar ƙasa ce kamar kowa.

Ta zo a kan gaɓa mai kyau. Bayan 1990 aka cire wani tsohon ɓangare na gasar, inda 'yan wasa ke zana da'ira da siffofi a kan ƙanƙara da ƙarfen takalminsu, alƙalai su sunkuya suna duba layin da aka bari. Cire shi ya buɗe ƙofa ga masu ƙarfin tsalle, kuma a wannan fanni kaɗan ne suka kamo ƙafarta. Ta lashe gasar matasa ta duniya ta 1991, ta lashe gasar Turai sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, ta kuma riƙe kambin Faransa sau tara daga 1989 zuwa 1997. A gasar Olamfik ta 1992 a Albertville, a ƙasarta, ita aka zaɓa ta yi rantsuwa a madadin dukan 'yan wasa. A can ne ta gwada tsalle mai juyi huɗu, abin da babu macen da ta taɓa cikawa a gasa a lokacin, amma juyin bai cika ba, ta ƙare a matsayi na biyar. Sai a 2002 ne Miki Ando ta Japan ta zama mace ta farko da aka amince mata da irin wannan tsalle. Bayan Albertville Bonaly ta rabu da Gailhaguet, mahaifiyarta ta koma ita ce jigon horar da ita, lamarin da ya ƙara tsamin dangantaka tsakanin iyalin da hukumar wasan ta Faransa.

Abin da ya gagare ta shi ne zinaren gasar duniya. A Prague a 1993 ta yi tsalle bakwai masu juyi uku, yayin da Oksana Baiul ta Yukren, mai shekara 15, ta yi biyar, amma Baiul ce ta ɗauki zinare saboda alƙalai sun fi gamsuwa da laushin motsinta. A gasar Olamfik ta Lillehammer da ke Norway a 1994 Bonaly ta zo ta huɗu, tana kallon lambar tagulla ta kuɓuce mata. Bayan 'yan makonni aka yi gasar duniya a Chiba da ke Japan, kuma duka matan uku da suka sha gabanta a Olamfik, wato Baiul da Nancy Kerrigan da Chen Lu, ba su halarta ba. Kowa ya ɗauka rabonta ya tsaga. Sai alƙalai suka rabu biyar da huɗu, suka ba Yuka Sato, 'yar gida, zinare.

Abin da ya biyo baya yana cikin hotunan da aka fi tunawa a tarihin wasan. Da aka zo bikin ba da lambobi, Bonaly ta tsaya a ƙasa kusa da dandamali ta ƙi hawa, sai da aka lallaɓa ta. Da aka rataya mata azurfar, ba ta bari ta zauna a wuyanta ba, ta sa hannu ta cire ta tana kuka, 'yan kallo suna yi mata ihu. Da 'yan jarida suka kewaye ta, abin da ta iya cewa shi ne ita dai ba ta da sa'a. An yi mata caa a kan rashin ladabi, kuma gaskiya ne Sato ba ta yi mata laifin komai ba, ta yi wasa mai tsabta da santsi wanda ya cancanci yabo. Amma wanda ya bi labarin tun daga Prague zai gane cewa ba hukuncin wannan dare kaɗai take yi wa kuka ba. An ce mata ta gyara salonta, ta gyara, ta sauya kaya, ta sauya kiɗa, ta rage gaggawa, sakamakon kuma bai sauya ba. A Birmingham a 1995 ta sake zuwa ta biyu, wannan karon a bayan Chen Lu ta Sin, azurfa ta uku ke nan a jere.

A nan ne batun launin fata yake shigowa, kuma ya kamata a yi shi da adalci. Masu sukarta suna da hujja ta ƙwarewa: sun ce tana gudu a miƙe kafin tsalle kamar mai shirin alkafura a tabarma, ba ta kwanciya sosai a kan gefen ƙarfen takalmi yadda ƙwararru ke so, kuma tsakanin tsalle da tsalle wasanta yakan yi fayau. Akwai gaskiya a cikin wannan. Sai dai kuma wasan yana da tarihin da ba a iya shafewa. A Amurka an hana Mabel Fairbanks shiga ƙungiyoyin wasan da gasanninsu saboda baƙa ce, har ta ƙare a matsayin mai horarwa. Sai a 1988 ne Debi Thomas ta zama baƙar fata ta farko da ta samu lamba a gasar Olamfik ta hunturu, da tagullar da ta ci a Calgary. Kyan da alƙalai suka saba da shi kyau ne na siririyar 'yar rawa mai kama da tsuntsuwa, Bonaly kuwa mace ce mai ƙwanji da kuzari. Masu sharhi kan yabe ta da kalmomin ƙarfi, su ajiye kalmomin fasaha ga wasu. Ba lallai ne wani alƙali ya zauna da niyyar cutar da ita ba. Ya isa a ce ma'aunin da ke hannunsu an sassaƙa shi ne ba tare da an yi tunanin irinta ba, kuma maki na biyu ya ba wannan ma'auni damar yin aiki ba tare da kowa ya ba da bayani ba.

A 1996 agararta ta tsinke, aka yi mata tiyata, kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Ta isa gasar Olamfik ta Nagano da ke Japan a watan Fabrairu na 1998 tana da shekara 24, da ciwo a jiki, ta san wannan ce gasarta ta ƙarshe. Bayan zagaye na farko tana matsayi na shida. A zagaye na biyu, ana kaɗa mata kiɗan Vivaldi, ta faɗi a wani tsalle, sauran ma ba su fita yadda take so ba, ta tabbatar lamba ta riga ta wuce ta. Da ta zo inda ya kamata ta yi wani tsalle mai juyi uku, sai ta ci gaba da gudu da baya, ta ɗaga ƙafa, ta wuntsila a iska da ƙafafu a buɗe, kai a ƙasa, ta sauka a kan ƙarfen ƙafa ɗaya tak, ta ci gaba da zamiya. Zauren ya ɗauki sowa. Da kiɗa ya tsaya, ta kammala tana fuskantar 'yan kallo, ta juya wa teburin alƙalai baya.

Saukar da ta yi da ƙafa ɗaya ita ce ta sa abin ya zama na musamman, domin ta rushe ɗaya daga cikin hujjoji biyu da aka kafa dokar a kansu. Duk da haka doka doka ce, aka rage mata maki, ta ƙare a ta goma. Tara Lipinski mai shekara 15 ce ta ci zinare a wannan dare, Michelle Kwan ta ɗauki azurfa, Chen Lu ta samu tagulla. Bonaly ta koma wasannin nishaɗi, ta yi shekaru tana zagaya biranen Amurka tana alkafurarta ba mai rage mata komai, ta karɓi takardar zama 'yar ƙasar a 2004, daga baya ta zama mai horar da yara. A 2019 Faransa ta ba ta lambar girmamawa ta ƙasa.

Tsarin makin da ta yi ƙorafi a kansa bai daɗe ba bayan tafiyarta. A gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, rigima ta tashi a wasan 'yan bibbiyu, wanda mace da namiji ke yi tare, inda aka ba 'yan Rasha zinare a kan 'yan Kanada, sai alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce an matsa mata lamba. Aka ba ɓangarorin biyu zinare, aka dakatar da ita na shekara uku tare da shugaban hukumar wasan ta Faransa, wanda ba kowa ba ne illa Didier Gailhaguet, tsohon mai horar da Bonaly. A 2004 aka yi watsi da tsarin 6.0, aka kawo wanda ke ba kowane tsalle da kowane juyi ƙimarsa a rubuce. Ba za a iya rantsewa cewa da a ƙarƙashinsa ta yi wasa da ta ci zinare ba, domin sabon tsarin yana da tsanani a kan juyin da bai cika ba, amma aƙalla bambancin tsalle bakwai da biyar, irin na Prague, ba zai ɓace a cikin ra'ayin alƙali ba.

Haramcin alkafura shi ne ya fi daɗewa, kuma wani Bafaranshe ne ya sake tayar da maganarsa. A watan Janairu na 2024, a gasar Turai a Kaunas da ke Lithuania, Adam Siao Him Fa ya yi alkafura da gangan, aka cire masa maki biyu, kuma duk da haka ya lashe gasar. Ya maimaita ta a gasar duniya a Montreal a watan Maris, inda ya taso daga matsayi na 19 ya ci tagulla. Wata uku bayan haka ƙungiyar ta cire alkafura daga jerin abubuwan da aka hana. A sabuwar dokar ba ta da maki nata na kanta kamar sauran tsalle, ana ɗaukarta ne a matsayin ado a cikin tsarin wasa, amma ba a hukunta mai yin ta. Ilia Malinin na Amurka ya sanya ta a wasansa a kakar da ta biyo baya, ya kuma lashe gasar duniya ta 2025 a Boston da ita a ciki. Bonaly tana da shekara 50 lokacin da aka soke dokar, kuma a takardar sakamakon Nagano sunanta yana nan a layi na goma.